Hoton IRM na kai: dalilin da ya sa ake cewa kada a motsa, da inda zafin yake fitowa

Jama'ar Mallawa da kewaye, da ƴan uwanmu mazauna Kano, Legas, Agadas, Libiya da sauran wurare, waɗanda sau da yawa su ne ke aiko da kuɗin magani, wannan bayani ne a kan hoton asibiti da ake kira IRM. Duk wanda aka taɓa yi wa shi zai gaya maka magana ɗaya ce ma'aikata suka fi nanata masa: kada ka motsa kanka. Yawancinmu mun ɗauka don hoto ya fito tas ne kawai, kamar yadda mai ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa yake cewa a tsaya cak. Haka ne, amma akwai dalili na biyu da ba a cika faɗa ba. Na'urar tana ɗumama jiki kaɗan yayin da take aiki, kuma lissafin da take yi don kada zafin ya wuce kima ta gina shi ne a kan cewa mutum yana nan yadda aka kwantar da shi.

Mece ce IRM?

IRM sunanta ne da Faransanci, shi za ka gani a takardar likita a nan Nijar. A Najeriya da Gana MRI suke cewa, duk abu ɗaya ne. Ta bambanta da hoton ƙashi da muke kira radiyo a asibiti, ta kuma bambanta da sikana. Waɗancan biyun da hasken X suke aiki, IRM kuwa ba ta da hasken X ko kaɗan. Manyan kayan aikinta biyu ne: ƙaton maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, da igiyoyin rediyo.

Da ma'aunin tesla ake auna ƙarfin maganaɗisun. Na'ura mai tesla ɗaya da rabi, wadda ake rubutawa 1.5, ta ninka maganaɗisun duniya da ke juya allurar nuna alƙibla kusan sau dubu 30. Akwai masu tesla 3, akwai masu 7, akwai kuma ƙanana da ba su kai rabin tesla ba. Maganaɗisun a kunne yake dare da rana, ko ana hoto ko ba a yi, ko da an ɗauke wuta.

Paul Lauterbur na Amurka ne ya nuna hanyar yin hoton a 1973, Peter Mansfield na Ingila ya gano yadda za a yi shi da sauri, aka ba su lambar yabo ta Nobel tare a 2003. Likitoci suna neman sa don ganin ƙwaƙwalwa, laka da jijiyoyi: a ciwon farfaɗiya, shanyewar ɓarin jiki, ƙari a cikin kai, ko ciwon baya mai sauka ƙafa. Mutumin karkararmu yakan fara daga CSI, a tura shi asibitin Magarya ko Dungas, daga nan babban asibitin Damagaram. In IRM ake buƙata, da yawa Yamai suke nufa, kusan kilomita 900 daga Damagaram, ko kuma su tsallaka iyaka zuwa Kano, inda ake da ita a asibitin koyarwa na Aminu Kano da wasu wurare. Tafiya ce mai cin kuɗi, shi ya sa ya kamata in an je a yi ta sau ɗaya, lafiya lau.

Ina ruwan rediyo da hoton kai?

Fiye da rabin jikin mutum ruwa ne, a cikin ruwan kuma akwai ƙwayoyin haidurojin da ido ba ya gani. In mutum ya shiga cikin maganaɗisun, ƙwayoyin nan sukan ɗauki wani irin juyi kamar katantanwar yara, da saurin da ƙarfin maganaɗisun ya yanke musu. Sai na'urar ta aika musu igiyar rediyo daidai da wannan saurin, su karkata. Da ta yi shiru sai su koma yadda suke, suna fitar da ƴar amsa mai rauni. Eriya ta kama amsar, kwamfuta ta mai da ita hoto.

Kun san kowace tasha da inda ake kama ta. Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 87.5 da 108. To, IRM mai tesla 1.5 a kan megahaz 64 take aiki, mai tesla 3 a kan 128, mai tesla 7 kuma kusan 300. Ka ga kenan tashoshin da muke saurare kullum suna tsakanin ta farko da ta biyu. Shi ya sa ake lulluɓe bangon ɗakin da jan ƙarfe, a kuma rufe ƙofa gam, don kada shirye-shiryen waje su shiga su ɓata hoton.

Bambancin dai shi ne, eriyar gidan rediyo tana can saman dogon ƙarfe, mai saurare yana nesa da ita da kilomitoci, abin da ke isa jikinsa bai taka kara ya karya ba. A IRM kuwa kana kwance ne a cikin eriyar kanta, tana aiko da ƙarfin dubban wat, sai dai a gajerun bugu waɗanda ba su kai ƙiftawar ido ba.

Daga ina zafin yake fitowa?

Ruwan jikinmu mai gishiri ne, kuma ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki. In igiyar rediyo ta shiga jiki sai ta tayar da ƴan ƙananan kwararar lantarki a cikin nama. Naman yana tauye kwararar, sai ta koma zafi, kamar yadda cajar waya take ɗumi in ta daɗe a jone. Jiki yana da dabarar kawar da shi: jini ya kwashe zuwa fata, zufa da iska su ƙarasa. Saboda haka jin ɗan ɗumi ko zufa a cikin na'urar ba abin tsoro ba ne.

Zafin iri biyu ne. Akwai na gaba ɗaya, wanda ke bazuwa a jiki ko a kai duka. Akwai kuma na wuri guda, inda ya taru a ɗan ƙaramin waje. Na biyun ya fi wuyar sha'ani, domin na'urar ba ta da ma'aunin zafi a cikin kan mutum. Akwai kuma wuraren da jini ba ya sanyayawa sosai, kamar ƙwayar gilashin ido, wadda ba ta da jijiyar jini ko ɗaya.

Wani abin lura: zafin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙarfin maganaɗisu, gaba yake yi. In aka ninka tesla sau biyu, sauran abubuwa suna yadda suke, zafin da jiki ke sha yakan ninku kusan sau huɗu.

Iyakokin da aka gindaya

Ma'aunin wannan zafi sunansa SAR da Ingilishi, DAS da Faransanci. Ma'anarsa wat nawa kowane kilo ɗaya na jiki yake sha. Shi ne dai ake rubutawa a takardar sabuwar wayar salula. Ƙa'idar duniya da masu ƙera na'urorin suke bi, mai lamba IEC 60601-2-33, ta tsara haka, a kan matsakaicin minti 6:

- Jiki gaba ɗaya: wat 2 a kowane kilo a matakin yau da kullum, wat 4 a mataki na gaba wanda sai da kulawar likita.
- Kai gaba ɗaya: wat 3.2 a kowane kilo.
- Wuri guda a kai, in eriyar da ke aikawa ƙarama ce a kusa da jiki: wat 10 a kowane kilo a matakin yau da kullum, 20 a mataki na gaba. Ana auna wannan a kan giram 10 na nama, ɗan yanki kamar girman goro.
- Zafin cikin jiki kada ya ƙaru fiye da rabin digiri a matakin yau da kullum, ko digiri 1 a mataki na gaba.

Mu ɗauki misali. Mutum mai kilo 60 a matakin yau da kullum iyakarsa wat 120 ne a jiki duka. Mai lafiya yana iya da wannan ba wahala. Amma ku lura, da nauyin mutum ake lissafin. In aka rubuta kilo 80 ga mai kilo 50, lissafin ya tashi a karkace tun daga tushe. Yawancinmu a ƙauye ba mu san nauyinmu ba, don haka kada a yi kirdado, a nemi hawa sikeli.

An kuma tsara iyakokin ne bisa ɗaki mai sanyi da bai wuce digiri 25 ba. A ƙasa irin tamu, inda Afrilu da Mayu ake haura digiri 40, kilim ɗin ɗakin hoto da fankar cikin ramin suna cikin kayan kariya. Wanda ya ji sanyi ya nemi mayafi mara nauyi daga ma'aikata, kada ya nemi a jibga masa bargo.

Eriya iri-iri

A nan ne ƙirar na'ura ta shigo. Akwai eriya mai aikawa, akwai mai karɓa, kuma mai aikawar ce ke kawo zafi.

A na'urori masu tesla 1.5 da 3, mai aikawar galibi babba ce, tana ɓoye a cikin bangon ramin. Ƙirarta kamar kejin tsuntsu take, sanduna a jere da zobe biyu a bakuna. Cecil Hayes da abokan aikinsa na kamfanin General Electric ne suka fito da ita a 1985. Tana baza igiyar daidai wa daida a tsakiya. Abin nan mai kama da kwando ko hular kwano da ake kifa wa mutum a fuska kuwa, yawanci mai karɓa ce kawai, kunne ce mai sauraren amsa. Irin wannan ta jerin ƙananan eriyoyi Peter Roemer da abokansa suka bayyana ta a 1990. Tunda mai aikawar tana nesa da kai, ɗan gusawar kai ba ya sauya zafin sosai. Inda lantarkinta ya fi ƙarfi shi ne daf da bangon ramin, wurin da kafaɗa, gwiwar hannu ko kwankwaso ke iya taɓawa.

A tesla 7 labari ya sha bamban. Tsawon igiyar a cikin nama yana raguwa in megahaz ya ƙaru: kusan rabin mita a tesla 1.5, kusan santimita 26 a tesla 3, sai kusan santimita 12 a tesla 7, wato bai kai faɗin kan babban mutum ba. In haka ta faru igiyoyin sukan yi karo da juna a cikin kai. Ku tuna in aka jefa duwatsu biyu a tafki: inda kumfar ruwan suka haɗu wani wuri ya yi tudu, wani wuri ya kwanta. Haka hoto zai yi haske a nan, duhu a can, zafi ma ya taru a wasu wurare.

Maganin da masana suka samo shi ne raba mai aikawar gida-gida, 8 ko 16, a kewaye kai da su a kusa, kowace da nata ƙarfi da lokacin bugu, kamar makaɗa da yawa da ake daidaita hannunsu. Ulrich Katscher a 2003 da Yudong Zhu a 2004 suna cikin waɗanda suka aza harsashin dabarar. Tana gyara hoto ƙwarai. Sai dai a farkon aiki ake auna kan mutum a tsara bugun daidai da zamansa, a kuma kimanta zafin wuri guda da mutanen kwamfuta, wato siffar jikin ɗan adam da aka gina a kwamfuta, irin su Duke da Ella na cibiyar IT'IS da ke Zurik a Suwizalan. Duk lissafin ya dogara da inda kan yake.

Abin da motsin kai yake sauyawa

Wanda ya taɓa jin ɗumi lokacin hunturu ya san wannan. In kana nesa da wuta, ka matsa taƙi ɗaya ba ka jin bambanci. In kana daf da ita, yatsa biyu ka matsa sai ƙaurinka ya gaya maka. Haka lantarkin eriya yake: a kusa da ita yana sauyawa da sauri.

A 2020 Emre Kopanoglu na jami'ar Kadif a Birtaniya da abokan aikinsa suka wallafa bincike a kan wannan. Sun sa kan mutumin kwamfuta a cikin eriya mai gida 8 ta tesla 7, suka gusa shi har milimita 20, suka juya shi har digiri 20, jimillar zama iri 104. A mafi munin yanayi, zafin kai gaba ɗaya ya ƙaru da kashi 60 cikin ɗari, na wuri guda kuma ya ƙaru da kashi 210, wato ya ninku sau 3.1. Gusawa dama ko hagu, da gusawa gaba ko baya, sun fi tasiri a kan zamewa sama ko ƙasa da juyawa. Dalilin a fili yake: su ne ke kai kunne, goshi ko ƙeya kusa da eriyar.

Milimita 20 santimita 2 ne, faɗin babban yatsa. A ce lissafi ya nuna wat 5 a wurin da ya fi zafi, rabin iyaka kenan. In ya ninku sau 3.1 ya zama 15.5, ya haura 10, alhali allon ma'aikaci yana nuna komai daidai. Amma a fahimta da kyau: a kwamfuta aka yi gwajin, babu wanda ya ƙone, kuma mafi munin yanayi aka faɗa. Masu ƙera na'urori suna barin rata mai faɗi a lissafinsu saboda irin haka.

Hanyoyin da ake bi don rage matsalar sun haɗa da barin ɗan fili tsakanin eriya da kai, cike filin da soso don kan ya kafu, sa yiwuwar motsi a cikin lissafi tun farko, da kafa kyamara mai bin motsin kai. Kowace da farashinta. Eriyar da ta yi nisa tana buƙatar ƙarin ƙarfi. Rata mai faɗi kuma tana tsawaita lokacin hoto, mutum ya gaji, ya ƙara motsi.

Akwai hanya ta biyu da motsi ke ƙara zafi, wadda ta shafi kowace na'ura. In hoto ya ɓaci sai an maimaita, maimaitawa kuma ƙarin bugun rediyo ne da ƙarin lokaci. Wani bincike da Jalal Andre da abokansa suka wallafa a Amurka a 2015 ya samu cewa kusan ɗaya cikin biyar na hotunan da suka duba sai da aka maimaita wani sashe saboda motsi.

Wace iri mutanenmu ke shiga?

Mai tesla 7 ta manyan cibiyoyi ce a Turai, Amurka da Asiya. Sai a Oktoban 2017 hukumar FDA ta Amurka ta amince a yi wa marasa lafiya hoton kai da gwiwa da ita. A Faransa ma akwai mai tesla 11.7 a cibiyar NeuroSpin kusa da Paris, wadda ta nuna hotunanta na farko na ƙwaƙwalwar mutum a Afrilun 2024, amma ta bincike ce.

A yankinmu kuwa, ƙidayar da Godwin Ogbole na Ibadan da abokansa suka wallafa a 2018 ta samu na'urori 84 ga mutum sama da miliyan 370 a Afirka ta Yamma. 58 suna Najeriya, kuma 45 daga cikinsu masu ƙaramin ƙarfi ne. An samu ƙari tun daga lokacin, amma wanda ya tashi daga Mallawa galibi mai tesla 1.5 ko ƙasa da haka zai tarar. A irin waɗannan, haɗarin taruwar zafi a cikin kai saboda ɗan motsi ƙanƙani ne. Ƴan uwa na Turai da Amurka su ne za su fi cin karo da mai tesla 3, wani lokaci ma 7. Abin da ya fi shafar mu shi ne ƙunar fata.

Abin da ke ƙona mutane a zahiri

Da ma'aikatan FDA suka duba rahotannin haɗarin IRM sama da 1500 na shekarun 2008 zuwa 2017, kashi 59 cikin ɗari na zafi ne da ƙuna. Ga inda suka fi fitowa:

- Fata ta taɓa bangon rami. Shi ya sa ake sa soso mai kaurin kamar santimita 1 ko fi tsakanin jiki da bango. In mutum ya muskuta ya ture soson, ya cire kariyar da kansa.
- Fata ta taɓa fata ta yi zobe. Haɗa hannuwa, harɗe ƙafafu, cinya ta taɓa cinya, ko yatsa ya taɓa cinya, duk suna ba lantarki hanyar zagayawa, sai zafi ya taru a ɗan wurin da suka haɗu.
- Waya a kan fata, musamman in ta naɗe.
- Ƙarfe a jiki ko a tufa. A Disamban 2020 FDA ta yi gargaɗi bayan wani ya ƙone a fuska saboda ƙarfen takunkumin hanci.
- Jiƙaƙƙen tufa, jiƙaƙƙen gashi, ko jiƙaƙƙen ƙunzugun jariri.

A wajenmu akwai abubuwan da takardar tambayoyin asibiti ba lallai ta ambata da sunansu ba. Laya, guru da kambu: an ɗinke su cikin fata, mai su ma sau da yawa bai san ko akwai allura, zobe ko waya a ciki ba. A cire a ba ɗan rakiya ya riƙe, minti talatin ne a mayar. Ɓoye su a ƙarƙashin riga ko cikin kitso shi ne babban kuskure. Haka ƴan kunne, ƙarfen hanci, awarwaro, zobe, jigida, allurar ɗankwali, ƙarfen rigar mama, da zaren ado mai ƙyalli a mayafi ko hula. Kwalli da kwalliyar ido a wanke su, domin wasu suna da garin ƙarfe. Mai haƙorin Makka ko haƙorin roba mai ƙarfe ya faɗa.

Akwai kuma na cikin jiki, waɗanda dole a faɗa tun kafin a kai ƙofa: batirin zuciya, ƙarfen ɗorin ƙashi bayan haɗarin kabu-kabu ko mota, ƙarfen da aka sa a tiyatar kai, na'urar ji da aka dasa, harsashi ko ɓaraguzansa. Maƙera da masu walda da ƙarfe ya taɓa faɗa wa ido su faɗa ko da shekara ashirin ne, domin maganaɗisu yana iya motsa shi. Faɗin ba ya nufin za a hana ka hoto. Ƙarafan tiyata da yawa an yi su don su shiga IRM bisa sharaɗi, ma'aikata ne za su duba. A tafi da takardun tsohuwar tiyata.

Waɗanda suka fi buƙatar kula

Mai zazzaɓi jikinsa ya riga ya yi zafi, kuma a daminarmu zazzaɓin cizon sauro ba baƙo ba ne. In ranar randebu ta zo da zazzaɓi a faɗa, kada a ɓoye don gudun asarar kuɗin mota. Haka mai ciki, jariri, tsoho, mai ƙiba sosai, mai ciwon zuciya, hawan jini ko ciwon suga, da mai shan maganin da ke sa yawan fitsari. Jikinsu bai cika saurin kawar da zafi ba, don haka akan bar na'urar a matakin yau da kullum.

Sai waɗanda ba za su iya cewa sun ji zafi ba: wanda aka sa barci, wanda ya suma, mai shanyewar ɓarin jiki da wani sashe ba ya ji, da ƙaramin yaro. Su sai an ninka lura wajen sa soso da raba gaɓoɓi. Yaron da ba zai iya kwanciya shiru ba, asibiti ne ke ba shi maganin barci su kuma tsare shi. Kada a ba shi komai daga gida, na kanti ko na gargajiya. Mai rawar jiki, tari ko farfaɗiya ya sanar tun farko, ya kuma tambayi likita yadda zai sha maganinsa ranar.

Ranar hoto

Hoton kai yakan ɗauki minti 20 zuwa 40, kashi-kashi, kowane kashi ƴan mintoci. Ƙarar da ake ji kamar ana dukan ƙarfe ta wasu wayoyi ce masu tsara hoton, alamar aiki ce, kuma za a ba ka abin toshe kunne. Ga abin da ya rage naka:

1. Ka yi fitsari kafin ka shiga, ka sa rigar da asibiti suka ba ka.
2. Kafin a fara ka gyara kwanciya har sai ka ji daɗi. In soso ya matse kunne ko wuya ya ƙage, lokacin faɗa kenan.
3. Hannuwa a gefe ba sa taɓa juna, ƙafafu a ware.
4. Ka rufe ido, ka yi numfashi a hankali. Mai son yin zikiri ya yi a zuci, ba da leɓe ko carbi ba.
5. In ƙarar ta tsaya, hoto bai ƙare ba. Kada ka ɗaga kai ko ka gyara zama sai an ce.
6. Za a ba ka ƴar ƙwallon roba a hannu. In ka ji zafi a wuri guda, kamar tsinin wuta ko ƙuna, ka matsa ta nan take. Kada ka daure, kada kuma ka yi ƙoƙarin gusawa da kanka.

Na shidan nan shi ne ya fi wuya ga mutanenmu, musamman dattawa da mata, saboda kunya da kara da gudun kada a ce sun yi raki. A wannan ɗaki dauriya ba ta da amfani. Na'urar ba ta jin abin da fatarka ke ji, kai kaɗai ne ma'aunin.

Ga ƴan rakiya da masu aiko da kuɗi daga nesa: ku karanta wa marar lafiya wannan tun a gida. A Yamai ba kowane ma'aikaci ke jin Hausa ba, don haka a tabbatar an fassara masa komai kafin a rufe ƙofa, musamman maganar ƙwallon roba. Wanda aka bari ya shiga ɗakin tare da shi, shi ma sai ya ajiye waya, makulli, wuƙa da kuɗin ƙarfe. Bayan an fito a duba fata. In an ga ja ko bororo, ko da sai washegari ya bayyana, a koma a nuna wa ma'aikata.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti.